Yakura da Mai Hoton Gauraka

"Kai malam! Sauke wannan abin!"

Yakura ce ta daka tsawar, ta yar da gugan da ke hannunta cikin kwamin albasa. Tun ɗazu take ganin wani baƙin abu mai dogon baki yana leƙowa daga cikin kaba, can gindin tudun yashin da ya yi wa lambunsu katanga. Da ta ƙura ido sai ta ga mutum ne kwance rub da ciki, ya saita abin daidai inda take tsaye.

Ƙarar muryarta ta tada wani zalɓe da ke bakin tabki a bayanta, ya buɗe fukafukai ya yi gabas abinsa.

Mutumin ya tashi zaune, ya ɗora hannu biyu a ka.

"Inna lillahi... Awa uku! Awa uku ina kwance a nan, tururuwa ta gama da cikina, kin zo kin kore shi da tsawa ɗaya!"

"Na kori wa?"

"Zalɓen mana!"

"To ni me na yi maka da za ka auna ni da bindiga?"

Ya dubi abin da ke hannunsa, ya dube ta, sai dariya ta ƙwace masa.

"Kyamara ce, 'yar'uwa. Hoto nake ɗauka."

"Ai ya fi muni! Hoton 'ya'yan mutane kake ɗauka a ɓoye?"

"Wallahi ban ma lura da ke ba."

Amsar ta wanke shi, amma ita ta rasa dalilin da ya sa ta fi ba ta haushi.

Daga inuwar dabino wata murya ta taso a hankali. "Uwata, da wa kike faɗa da sanyin safiyar nan?"

Mahaifinta ne, Malam Ibram, zaune kan tabarma da carbi a hannu. A zamaninsa babu maharbin da ya kai shi suna daga Gure har Kelle da Bune. Yau shekara bakwai ke nan da yanar ido ta rufe masa idanu biyu. Da mahaifiyar Yakura ta rasu, ita ce ta bar kwaleji tana aji uku, ta riƙe lambu, ta riƙe gida, ta zama idon mahaifinta. Ba su da kowa sai ƙanwarsa, Gwaggo Rakiya, da ke zaune a unguwar gaba tana leƙo su.

Baƙon ya karkaɗe yashin rigarsa, ya je ya durƙusa ya gaida tsohon. Ya ce sunansa Zubair, daga Damagaram yake. Ma'aikatar gandun daji ce ta tura shi yawon ƙasa, ya ɗauko hoton tsuntsayen da suka rage bayan shekarun fari. A gidan kawunsa Illa, mai shago a kasuwar Gure, ya sauka.

"Wanne ne ya gagare ka?" Malam Ibram ya tambaya.

"Gauraka, Baba. Sati uku ina nema. Na je Bune, na je Kelle, kowa sai ya ce mini da can akwai."

Carbin ya tsaya a hannun tsohon.

"Da can garke-garke suke sauka a kwarin nan. Ni ma da hannuna a cikin ƙarewarsu, Allah ya yafe mana." Ya ɗan karkata kai kamar mai sauraron wani abu daga nesa. "Amma akwai biyu. Kullum bayan asuba ina jin kukansu ta bayan tudu na uku. Ka zo gobe da wuri."

Washegari gari na wayewa suka kama hanya su uku: Malam Ibram a kan jaki, Yakura riƙe da igiya, Zubair a baya da jakarsa. Damina ta yi kyau a shekarar casa'in da huɗu, ciyawa ta lulluɓe tuddai, kowane kwari da ruwansa kwance.

A kan tudu na uku tsohon ya ɗaga hannu. Suka tsaya cak. Sai ga kukan, kamar busar ƙaho daga nesa.

"Ku sauke ni nan. Iska daga gabas take, ku bi ta bayan gorubar da ke hagu. Kada ku yi tari."

Yakura ta ƙi barinsa, ta riƙe hannunsa suka rarrafa tare har bayan gorubar.

Ga su nan kuwa, su biyu, tsaye cikin ruwan da bai kai musu gwiwa ba. Rana ta leƙo ta haska tukkun da ke kansu, ya yi kamar an daɓa musu zinariya. Ɗaya ya sunkuya, ya buɗe fukafukai, farin da ke jikinsu ya bayyana, ya daka tsalle sama ya diro a hankali. Ɗayar ta amsa masa da nata tsallen.

"Uwata, gaya mini," tsohon ya raɗa.

Ta kai bakinta kusa da kunnensa. "Suna rawa, Baba. Namijin ya ciro ciyawa ya jefa sama... ya cafe! Kuncinsu fari ne daga sama, ƙasa kuma ja-ja kamar an shafa musu jan baki. Yanzu ta juya masa baya, tana yi kamar ba ta gan shi ba... ga shi ya zagayo gabanta, Baba, ya sake sunkuyawa..."

Tsohon yana murmushi, hawaye na bin gemunsa.

Yakura ta waiga don ta ga dalilin da ba ta ji ƙarar kyamara ba. Sai ta tarar da Zubair ya sauke ta, ita yake kallo.

"Malam, ɗauki mana! Za su tashi!"

Ya yi firgigit, ya kai ido. Ƙas... ƙas... ƙas. Ta ga yadda ya riƙe numfashinsa, yadda hannunsa bai ko motsa ba duk da ƙudan da ya sauka a kan girarsa. Ba ta taɓa ganin mutum ya nutsu a kan abu haka ba, in ba Babanta ba a da, lokacin da yake ɗana baka. Shi kuwa wannan, da ya gama, tsuntsayen suna nan da ransu suna ta rawarsu.

Daga ranar Zubair ya zama ɗan gida a lambun. Da safe su fita neman tsuntsayen ruwa irin su kirinjijiya da dinya, da hantsi ya zauna gaban Malam Ibram da littafi yana rubuta sunayen tsuntsaye da Hausa da Barbarci. Da yamma ya tuɓe takalmi ya taya Yakura jan ruwa, duk da bai iya ba, rabin gugan a ƙafarsa yake zubewa.

Wata rana ya rataya mata kyamarar a wuya.

"Gwada."

"In na fasa fa?"

"Sai in zauna a Gure ina ban ruwa har in mutu."

"Albasarmu ta shiga uku ke nan!"

Ta kai ido. Wata kurciya da ke can saman dabino ta matso gabanta, har tana ganin ƙyaftawar idonta. Shekara ashirin da biyu tana korar kurciyoyi daga lambu, ba ta taɓa sanin bakin idonsu yana da zobe ba.

"Yaya Zubair... ashe haka suke da kyau?"

"Haka nake ta faɗa wa mutane, ba mai saurarona sai ke."

Wata biyu suka wuce kamar kwana biyu. Ranar da takarda ta zo masa daga biro, wato ofishinsu, ya same ta a bakin rijiya, fuskarsa babu walwala.

"An mayar da ni Gaya, bakin kogi. Jibi zan tafi."

Igiyar guga ta kusa suɓuce mata.

"Allah ya kiyaye hanya," ta ce, ba ta ɗago ba.

"Yakura, dube ni."

Ta ƙi.

"Na yi yawo daga Ayoru har Gigimi, ban taɓa barin wani gari na ji kamar ana cire mini haƙarƙari ba sai yau. Ina son ki, Yakura. Ki ba ni izini Kawu Illa ya zo wurin Baba. In an ɗaura, mu tafi tare."

Ta rufe fuska da gefen mayafinta.

"Wa zai kai shi masallaci? Wa zai gaya masa tuwo na dama, miya na hagu?"

"Mu tafi da shi!"

"Ka raba shi da kwarin nan? A nan ya san kowace bishiya da tafin hannunsa. A Gaya ko ƙofar ɗaki ba zai gane ba. Kashe shi za mu yi."

"To in bar aikin..."

"A'a!" Ta ɗago da jajayen idanu. "Na ga fuskarka ranar gauraka. In ka ajiye kyamarar nan saboda ni, wata rana za ka dube ni ka tuna. Ba zan iya ba."

"Ba kya sona ke nan?"

"Kada ka tambaye ni wannan... don Allah kada ka tambaye ni." Kuka ya ci ƙarfinta. "Abu ɗaya nake roƙo, kada Baba ya ji maganar nan. In ya ji, zai ce in tafi, ni kuwa ba zan tafi ba."

Zubair ya tsaya yana kallonta. Can ya ce, "Na yi alkawari."

Ya tafi ranar Alhamis a motar Damagaram. Ba ta je tasha ba. Ta wuni tana cirar ciyawa a kwamin da babu ciyawa.

Bayan wata guda wasiƙa ta zo ta hannun Illa, da hotuna shida a ciki. Gaurakin nan biyu a sama, ƙafafunsu ba su taɓa ruwa ba. Kurciyar da ta ɗauka da hannunta, hoton ya ɗan karkace amma fes. Malam Ibram ya karɓi hotunan yana shafa su da yatsu ɗaya bayan ɗaya.

"Santsi kawai nake ji," ya ce yana dariya. "Wanne ne na gaurakin?"

Ta ɗora yatsansa a kan tukkun. Ya bar shi a wurin ya daɗe.

"Uwata, kin daina waƙa in kina ban ruwa."

"Mura ce, Baba."

"Wata guda cur?"

Ta tattara hotunan ta mayar cikin wasiƙar.

Sanyi ya wuce, zafi ya shigo, tabkuna suka ƙafe. Wasiƙun Zubair suna zuwa duk wata, cike da labarin tsuntsayen kogi, babu kalma ɗaya ta soyayya. Wannan ya fi komai yi mata ciwo, ko da yake ita ta nema.

Ranar wata Talata da azahar tana tankaɗe a tsakar gida, ta ji sallama. Rariya ta faɗi daga hannunta.

Shi ne. Ya rame, ya yi baƙi, rigarsa duk ta yamutse da zaman mota na kwana uku. Bai ko zauna sosai ba ya durƙusa gaban Malam Ibram.

"Baba, likitocin ido sun zo Damagaram, kwana goma za su yi. Na ji a rediyo ina Gaya. Na tsaya na tambaye su, na kwatanta musu ciwonka, sun ce irinsa suke cirewa. Saura kwana huɗu su tashi. Na rubuta sunanka."

Tsohon ya girgiza kai. "A sa mini wuƙa a ido? Zubairu, na saba da duhuna. Ka bar ni."

"Baba..."

"Na ce ka bar ni."

Yakura ta matso ta durƙusa, ta kama hannunsa. "Baba, ina da shekara goma sha biyar ka daina ganina. Ba ka son ka ga yadda na zama?"

Tsohon ya kai ɗaya hannun ya shafa fuskarta.

"Ɗauko mini babbar rigata," ya ce.

A mota ne ta samu ta raɗa wa Zubair, "Aikinka fa?"

"Na bar musu takarda."

"Sun yarda?"

"Ban jira amsa ba."

"Yaya Zubair! In suka kore ka fa?"

"Sai su kore ni. Ban zo don ki canja magana ba, Yakura, ki kwantar da hankalinki. Mutumin da ya nuna mini gauraka da kunnensa, ya kamata ya gan su da idonsa."

Ta juya tana kallon tuddan da ke gudu ta taga, don kada ya ga abin da ke zuba daga idonta.

Likita ya duba ya ce idon hagu ya riga ya mutu, amma na dama akwai rai. Aka yi aiki ranar Alhamis. Zubair ne ya yi ta zirga-zirga, shi ne ɗebo ruwa, shi ne riƙe buta, har masu jinya suka ɗauka ɗan tsohon ne na cikinsa.

Da safiyar Juma'a aka kwance ɗaurin. Malam Ibram ya ƙifta ido, ya runtse, ya sake buɗewa. Ya dubi farin bango, ya dubi tafin hannunsa. Sannan ya juyo ga wadda ke tsugune a gabansa ta toshe baki da hannu biyu.

"Sauke hannunki."

Ta sauke.

"La ilaha illallah..." Muryarsa ta karye. "Falmata! Fuskar uwarki ce sak. Ashe shekara bakwai tana gabana ban sani ba!"

Yakura ta kifa kanta a gwiwarsa tana kuka, likita na faɗin kada tsohon ya yi hawaye, aikin bai warke ba. Malam Ibram ya ɗago ya nemi Zubair, ya gan shi raɓe a bakin ƙofa.

"Kai ne wannan? Da muryarka na ɗauka ƙato ne!"

Ɗakin duka aka fashe da dariya.

Sun koma Gure da kwana biyar. Zubair yana shirin komawa Gaya, ya zo sallama, ya tarar da tsohon a lambu sanye da baƙin tabarau, hotunan nan shida a cinyarsa. Tsohon ya sa aka kira Yakura.

"Ku zauna. Ku biyun nan kun ɗauka makaho kurma ne ko? Rijiyar nan taku nawa ce daga tabarmata?"

Yakura ta daskare.

"Na ji komai ranar. Na yi shiru ne don na san taurin kanki, kuma gaskiya ne, a lokacin ba zan iya ba sai da ke. Kullum sai na roƙi Allah ko ya buɗe idona ko ya ɗauki raina, don ya sake ki." Ya share gemu. "To ya zaɓi mai sauƙin. Jiya ni kaɗai na je masallaci. Rakiya ta ce za ta dawo gidan nan. Yanzu me ya rage?"

"Baba, ido ɗaya ne..."

"Da ido ɗaya nake auna tuje daga taku ɗari, ɗayan rufe shi nake yi! Zubairu, har yanzu kana kan bakanka?"

Zubair ya sunkuyar da kai. "Ko numfashi ɗaya ban canja ba, Baba."

"Ke fa, uwata? Yau ki amsa tambayar da kika hana shi yi."

Ta ja mayafi ta rufe fuska gaba ɗaya. Daga ciki muryarta ta fito ƙasa-ƙasa.

"Ina son shi, Baba... tun ranar da ya zubar mana da guga na farko."

"To ka gaya wa Illa ya zo da goronsa."

Biro ba su kore shi ba, jan kunne suka yi masa a rubuce. Aka ɗaura aure bayan saukar ruwan farko, shamuwa na kai da kawo a saman itatuwan Gure. Matan unguwa suka yi wa amarya lalle da turaren wuta na kwana uku, Gwaggo Rakiya ta yi guɗa har muryarta ta dushe. Ango kuwa ranar ya miƙa kyamararsa ga wani, hannunsa ya kasa tsayawa.

Ranar tafiya Malam Ibram ya ce shi zai kai su tasha, ya ƙi a riƙe masa hannu. Yana gaba suna biye, yana gaida mutane da sunayensu tun kafin su yi magana.

Da direba ya tada mota, Yakura ta sauko da gudu ta rungume shi.

"Baba, ba zan iya ba... wallahi ba zan iya ba!"

"Za ki iya. Da kaka ku zo, ai aikinsa yawo ne." Ya ɗago fuskarta da hannu biyu, ya kalle ta sosai, daga goshi har haɓa. "Da bara kika tafi, da ƙarar mota kawai zan ji. Yau kuwa da idona zan raka ki. Shiga, uwata."

Zubair ya kama hannunta ya taimaka mata ta hau. "Zo, masoyiyata, zauna ta taga," ya ce a hankali, ya ba ta wurinsa.

Motar ta hau kwalta ta miƙi yamma. Yakura ta leƙo da kai tana ɗaga hannu. Mutanen tasha suka watse ɗaya bayan ɗaya, mai shayi ya koma kan tukunyarsa. Malam Ibram bai motsa ba. Ya cire tabarau, ya kare rana da tafin hannu, yana kallon motar tana ƙanƙancewa tsakanin tuddai.

Gwaggo Rakiya ta taɓa kafaɗarsa. "Yaya, mu je gida, ai sun ɓace."

"Ke ce ba kya gani," ya ce, bai juyo ba. "Ga mayafinta can, har yanzu tana ɗaga mini hannu."